Silinda takwas ko shida mai turbo: lamarin motoci biyu a wani gidan fatake a Garwa

Gidan da wannan nazari ya shafa gidan fatake ne a Garwa, a arewacin Kamaru, masu safarar kaya daga Gaundare, inda layin dogo ya ƙare, zuwa Marwa da Kusiri har Njamena. Suna da manyan motocin dako, amma ba su ne abin maganarmu ba. Maganarmu a kan motar hawan maigida take, wadda Alhaji ya shekara da shekaru yana zagaya harkokinsa da ita, da kuma wadda babban ɗansa ya matsa aka sayo don ta gaje ta. Sana'ata sayar da kayan mota da baƙin mai, gidan kuwa abokan cinikina ne, shi ya sa aka neme ni a zaman da aka yi bayan abin ya faru, na ji ta bakin kowa. Ba zan kama sunan kowa ba.

Tsohuwar motar Lexus LX 570 ce, mai silinda takwas, lita 5.7, injin da Toyota take kira 3UR-FE. Babu abin da yake tura masa iska, fistan ne yake zuƙo ta da kansa duk lokacin da ya sauka. A lissafin kasuwar Amurka yana ba da ƙarfin doki 383, ƙarfin murɗarsa kuma yana kai 546 Nm idan injin ya kai juyi 3,600 a minti. Sabuwar kuwa LX 600 ce, wadda ta fito a 2021, shekara ɗaya da 'yar'uwarta Land Cruiser 300. Injinta V35A-FTS, silinda shida, bai ma cika lita 3.5 ba, amma yana da turbo biyu, wato na'urorin da suke cusa masa iska da ƙarfi: doki 409, murɗa 650 Nm, kuma wannan murɗar tana hannu tun daga juyi 2,000. Giyarta goma, tsohuwar takwas. An kuma rage mata nauyi kusan kilo 200.

Gardamar kafin saye

Ɗan ya zo da hujjarsa a rubuce. A Fabrairun 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga litar fetur daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta kai ta 840. Ya ɗauko alƙaluman hukumar muhalli ta Amurka, inda aka rubuta wa LX 570 ta ƙarshe mil 14 ga galan, wato kusan lita 17 a kilomita 100, aka rubuta wa LX 600 mil 19, kusan lita 12 da rabi. Zuwa Gaundare da dawowa kilomita 560 ne ko kusa da haka. Tsohuwar za ta sha wajen lita 95, sefa dubu 80. Sabuwar wajen lita 70, sefa dubu 59. Rarar dubu ashirin da wani abu a kowace tafiya, ga ƙarin ƙarfi a kai.

Alhaji bai taɓa takardar ba. Yaron ɗan fari ne, Alhaji ba ya kama sunansa, don haka sai ya juya ga ƙanensa ya ce, "Tambayar mini yaron nan, wannan motar ta taɓa barina a hanya? Tsakanin Mora da Dabanga wa zai buɗe masa turbo?"

"Baba, ai duniya ce ta koma can," in ji ɗan. "Ko mun so ko mun ƙi, an daina ƙera irin taka."

A nan gaskiyarsa ce, kuma ya san zancen, domin mai bibiyar motocin gudu ne. A 2014 BMW ta sauke injin V8, wato mai silinda takwas, mai lita 4.0 daga motarta M3 ta ɗora silinda shida mai lita 3.0 da turbo biyu. A shekarar ce tseren Formula 1 ya koma ƙananan injina masu lita 1.6 da turbo. A 2015 Mercedes-AMG ta bar V8 mai lita 6.2 na C63 ta koma lita 4.0 mai turbo biyu, Ferrari ma ta maye 458, mai lita 4.5 da doki 570, da 488 mai lita 3.9 da doki 670. Abin da ya tura su ba sha'awar direbobi ba ce. Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan hayaƙin kabon da motocin kowane kamfani za su fitar, da tara ga wanda ya wuce, Sin kuma tana yanka haraji gwargwadon girman inji, har kashi 40 cikin ɗari ga abin da ya haura lita 4. Ƙaramin inji mai turbo shi ne ya ba su damar riƙe ƙarfi su kuma tsallake waɗannan dokoki.

Masu son babban inji sun yi rashi na gaske, ba na ƙauna kawai ba. Inji marar turbo yana amsa ƙafa nan take: gwargwadon yadda ka taka totur, gwargwadon abin da ya ba ka, kuma ƙarfin yana hawa a hankali har sama. Injin 458 yana kai juyi 9,000 a minti, kuma har yau Porsche ta bar 911 GT3 ba turbo saboda masu neman wannan amsawar. Alhaji bai san waɗannan sunaye ba, amma abin da yake nufi ke nan idan ya ce tasa "tana jin magana".

Abin da ba a faɗa ba a wannan zama na farko, kuma shi ne ya dawo ya ciji gidan, shi ne cewa duk waɗannan injina an zana su ne a kan tabbacin cewa man da za su sha iri ɗaya ne yau da gobe, a wannan gari da wancan.

An sayi motar. Ta biyo ta Dubai, ta sauka a tashar ruwan Duwala, aka hauro da ita.

Abin da turbo yake yi

Inji ba ya ba da ƙarfi sai gwargwadon man da ya ƙona, mai kuma ba ya ƙonewa sai gwargwadon iskar da ya samu. Hanya ɗaya ta samun iska mai yawa ita ce a girmama silinda, wato hanyar lita 5.7. Hanya ta biyu ita ce a bar silinda ƙanana a riƙa cusa musu iska da ƙarfi, kamar yadda maƙeri yake tsananta wutarsa da zuga-zugi ba tare da ya faɗaɗa murhu ba. Turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙin da yake fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma tana juya ta biyu, wadda take matse iskar waje tana tura ta ciki. Dabarar ba sabuwa ba ce, wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistarta tun 1905, kuma manyan motocin gas da suke bin hanyar Gaundare zuwa Njamena sun daɗe da ita.

Sandar nan tana juyi sama da 100,000 a minti, gefenta ɗaya yana cikin hayaƙin da zafinsa kan kusanci digiri 900, kuma abin da yake riƙe da ita siririn baƙin mai ne, wannan dai da yake zagaya injin. Iskar da aka matse tana ɗaukar zafi, don haka sai an sanyaya ta kafin ta shiga. Duk da haka matsin da yake cikin silinda ya fi na inji marar turbo nesa ba kusa ba, alhali ma'aunin matsewar fistan na injinan nan biyu kusan ɗaya ne, goma da 'yan kai. Fetur mai rauni ba ya jure wannan matsi, yana fashewa da kansa kafin lokacinsa. Kwamfutar motar tana jin wannan ƙwanƙwasar, ta jinkirta tartsatsin buji, ta rage iskar turbo, in abin ya yi yawa ta datse ƙarfin gaba ɗaya don ta ceci injin.

Watannin farko

Watannin farko na ɗan ne. Garwa tana kwance a kwarin Binuwai, tsayinta bai kai mita 300 bisa matakin teku ba, Gaundare kuwa tana sama da mita 1,100, kuma yawancin hawan a taƙure yake a Falez, bayan an wuce Mbe. Inji marar turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane mita 300 na hawa, saboda iska tana yin shara-shara, don haka V8 yakan isa tudu da ragin kusan kashi ɗaya cikin goma. Turbo yana cike mafi yawan wannan giɓin da ƙarin juyi. Wanda ya taɓa maƙalewa a bayan tirela a kwanakwanan Falez, yana jiran ɗan miƙaƙƙen wuri da zai wuce ta, ya san darajar murɗar da take zuwa tun daga juyi 2,000 ba sai giya ta sauka uku ba. Alhaji da kansa ya yarda da wannan.

Shan mai kuwa bai kai yadda takarda ta ce ba. A shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ƙafa a sassauce, sabuwar tana da sauƙi ƙwarai, domin a lokacin ƙaramin inji ne yake aiki. Da an cika ta da mutane da kaya, an kunna sanyi, an taka ta a hawa, sai ta sha kusan kamar tsohuwar, tunda doki ɗari huɗu ba sa fitowa daga ƙaramin cokali. Rarar tana nan, amma ba ta kai dubu ashirin ɗin da aka lissafa ba.

Ranar da ta ƙi hawa

A bazarar da ta biyo baya ne, cikin Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40. Mutum biyar a ciki, bayanta cike da kaya, sanyi a kunne. A tsakiyar Falez direba ya fito zai wuce wata tirela, ya taka, sai motar ta yi shaƙuwa, ta girgiza, fitilar inji ta kama, ƙarfi ya ɗauke. Allah ya sa babu mai tahowa daga sama, ya samu ya koma bayan tirelar. Da rarrafe suka ƙarasa tudu. Alhaji ya gama abin da ya kai shi ya dawo a wata mota, ita kuma aka ɗoro ta a bayan babbar mota zuwa Garwa. Bai ce wa kowa uffan ba, washegari dai aka ga an wanke tsohuwar an fito da ita.

Zato uku aka zo da su garaj. Alhaji ya ce turbo ba ya jure zafin ƙasarmu. Ɗan ya ce aibi ne daga masana'anta, domin ya karanta cewa a 2024 Toyota ta yi kiran motoci kusan 102,000 a Amurka, Tundra da LX 600 na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin wasu injina tun wurin ƙira. Bakaniken gidan, dattijo ne da ya fara da manyan motocin gas kafin ya koma ƙanana, ya ce shi ba zai yanke komai ba sai ya ga abin da motar ta ci.

Zaton ɗan aka fara kawarwa. Dattijon ya juye baƙin man a faranti mai tsabta ya duba a rana, ya yanka filtar mai ya warware takardarta. Babu ƙyalƙyalin ƙarfe ko kaɗan, injin kuma ba ya bugu daga ƙasa. Ba wannan ba ne. Da aka jona na'urar bincike sai ta nuna lambobi biyu: P0087, matsin fetur ya gaza a bututun da yake ciyar da injekta, da P0300, silinda suna tsallake wuta ba tsari.

Sai ya zuƙo fetur daga ƙasan tanki ya zuba a kwalbar gilashi ya ajiye a kan benci, ya ce a sha shayi. Kafin a gama, kwalbar ta rabu: ruwa a ƙasa, jan laka a kansa, fetur a sama, shi ma da warin kananzir. Ya buɗe gidan filtar iska ya ɗaga ta saitin rana, ga ƙananan huji a jikin takardar, ya shafa yatsa a bututun da yake bayanta, wurin da ya kamata ya kasance fes, yatsan ya fito da jar ƙura. Da ya leƙa bakin turbo da tocila, gefen fukafukan fankar ya fara dakushewa. Baƙin man da aka juye kuwa mai kauri ne, irin 20W-50 da ake aunawa daga duro, alhali littafin motar ya rubuta 0W-20.

"Kawu, ai tsohuwar ma haka ake yi mata," in ji ɗan.

"Haka ake yi mata," in ji dattijon. "Ita tana haɗiyewa, wannan ba ta haɗiyewa."

A nan ne zuciyar lamarin take, don haka bari in tsaya a kai. Injin V8 ɗin yana fesa fetur ne a bakin bawul, da matsin da bai wuce bar 3 zuwa 4 ba. Sabon yana da wannan, yana kuma da wasu injekta da suke fesawa kai tsaye cikin silinda da matsi kusan bar 200, ta hujin da ido ba ya gani sosai, kuma famfon da yake kawo wannan matsin da fetur ɗin kansa yake samun santsi. Ruwa da laka da tsohon inji zai wuce da su da ɗan tari, a nan toshewa suke yi su kuma ci famfo. Kananzir yana karya ƙarfin fetur na jure matsi. V8 da yake tafiya da rabin numfashinsa ba zai nuna ba, amma inji mai turbo a hawa, cikin zafi, da kaya, yana aiki ne a daidai iyakar da fetur ɗin zai iya ɗauka. Ƙura kuwa, a tsohon inji, tana cin zobban fistan a hankali cikin shekaru. A sabon tana fara karo da fanka mai juyi dubu ɗari. Baƙin mai mai kauri yana jinkirin isa sandar turbo da safe, kuma idan aka kashe mota tana huci bayan doguwar tafiya, man da ya tsaya a kan sandar yana dahuwa ya zama gawayi.

Saboda haka kada a ce tsohuwar ba ta cutuwa. Tana cutuwa, sai dai tana da sarari mai faɗi tsakanin abin da ake nema a wurinta da abin da za ta iya, kuma a cikin wannan sararin ne duk sakacin gidan ya ɓuya shekara da shekaru. Zaton Alhaji ma bai tsaya ba: zafi ya taimaka, amma da fetur mai kyau da ta hau Falez a Afrilu kamar yadda ta hau a Disamba.

Daga ina fetur ɗin ya fito

Al'adar gidan ita ce a ba direba kuɗin mai a hannu, a lissafin farashin gidan mai. Shi kuma sai ya sayi rabi a gidan mai, rabi ya sha na jarka, wanda ake kira zuwa-zuwa, abin da ya ragu ya zama nasa. Da aka kira shi bai musa ba.

"Ranka ya daɗe, tun ina jan waccan haka nake yi, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Da shi nake cika kuɗin makarantar yara."

Ɗan ya so a sallame shi a ranar. Ni ban goyi bayan haka ba, kuma har yanzu ban canza ba. Albashin mutumin bai motsa ba tun kafin fetur ya bar 630, kowa a gidan ya san da rarar, an bar ta ne ta zama ƙarin albashin da ba a rubuta ba. An sayo inji da ba ya yarda da wannan tsarin, ba wanda ya zaunar da direba ya gaya masa. Yaron garaj da ya hure filtar iska da injin iska maimakon ya canza ta, shi ma abin da aka koya masa ya yi, kuma yana ganin ya yi wa maigida tattali.

Masu zuwa-zuwa ma ba zan yi musu kuɗin goro ba. Iyakar Najeriya tana nan kusa, fetur yana shigowa ta ruwa da ta tudu tun kafin a haifi yawancinmu, gidaje da yawa a Garwa da Marwa da shi suke ci. Matatar Sonara da take Limbe ta ƙone a ƙarshen Mayun 2019, man gidajen mai kuma sai ya yi doguwar tafiya daga bakin teku kafin ya iso mu, akwai kuma lokutan da famfo yake bushewa. Da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023 farashin jarka ya yi tsalle, amma faɗuwar naira ta sake mayar da shi ƙasa da na famfo. Fetur ɗin kansa sau da yawa lafiyayye ne a inda ya taso. Abin da yake ɓata shi tafiyar ce: duro mai tsatsa, jarkar da ta kwana a buɗe, kwalbar da ta yini a rana, da hannu na uku ko na huɗu da ya ƙara kananzir don ya ja riba. Mai saye ba shi da hanyar sanin wanne ya samu. Babur da tsohuwar Carina ba su damu ba.

Abin da aka yanke

An wanke tanki, an canza famfon fetur da filtarsa, an wanke injekta, an sa sababbin buji da filtar iska, an juye mai sau biyu a jere. Motar ta dawo da ƙarfinta. Sai aka zauna a kan abin da za a yi da ita.

Alhaji ya fara da cewa a sayar, a nemo wata LX 570. Na gaya masa abin da na sani a kasuwa: an daina ƙera ta a 2021, duk wadda za a samo yanzu ta hannu ce, kowace shekara kuma masu ƙarancin tafiya suna ƙara wuya da tsada. Za a iya yin haka sau ɗaya, ba za a iya yi har abada ba. Dattijon bakanike ya kawo nasa, cewa idan don hanyar Kusiri ce babu kamar Land Cruiser 70 mai injin gas 1HZ, lita 4.2 ba turbo, wadda kowane ƙauye akwai mai iya buɗe ta. Alhaji ya ce bayansa ba zai ɗauki wannan ba a shekarunsa, zancen ya mutu a nan.

Abin da aka tsaya a kai shi ne a riƙe duka biyun a raba musu hanya. Sabuwar ta ɗauki kudu, Garwa zuwa Gaundare, da kuma Marwa, inda akwai kwalta da gidajen mai da za a iya dogara da su, inda kuma hawa da wuce tireloli suke sa ƙarfinta ya yi amfani. Tsohuwar ta ɗauki abin da ya wuce Marwa, Mora, Waza, Dabanga, Kusiri, a haye gadar Ngeli a shiga Njamena, hanyar da ramuka ba sa barin kowa ya yi gudu, kuma wani lokaci dole a sha abin da aka samu.

Sauran shawarwarin a kan mutane suke. An buɗe asusu a gidan mai ɗaya a Garwa da ɗaya a Gaundare, direba yana sa hannu, ba ya riƙe kuɗin mai. An kimanta rarar da yake samu a wata aka ɗora masa a kan albashi, kuma Alhaji ne ya faɗi wannan da bakinsa, ba ɗan ba. Idan tafiya za ta yi nisa, jarkunan gidan ake cikawa a famfo a tafi da su. Baƙin mai sai na galan mai hatimi, irin da littafi ya rubuta, ana juyewa a kilomita 5,000. Filtar iska ba a hurawa, canzawa ake yi, a hunturu kuma ana duba ta kowace dawowa. Bayan hawa ko doguwar tafiya ana barin injin ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin a kashe. Direbobin tirelolin gidan sun daɗe suna yin haka, su ne ma suka koya wa na ƙaramar motar.

Da aka haɗa kuɗin waɗannan, mai na hatimi, filta a kai a kai, ƙarin albashi, fetur na famfo zalla, rarar da ɗan ya lissafa tun farko ta kusa narkewa. Ya karɓi wannan, amma ya ce ko da babu rarar sisi shi ya fi son motar da za ta fitar da mahaifinsa daga gefen tirela cikin daƙiƙa kaɗan. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ta fi ta takardar farko.

Ra'ayina

Gidan nan ya iya raba gardama ne saboda yana da halin riƙe mota biyu. Yawancin masu zuwa shagona mota ɗaya za su saya, kuma ga abin da nake gaya musu. Idan tafiyarka cikin gari ce da kwalta, kana da gidan mai da ka yarda da shi, kai kake jan motarka ko ka san abin da direbanka yake zubawa, ka sayi mai turbo hankalinka kwance. Ya fi ƙarfi inda ake buƙatar ƙarfi, kuma ba ya tsoron zafinmu idan an ciyar da shi daidai. Idan kuwa sana'arka tana kai ka inda jarka ce kawai gidan mai, ko motar tana yawo a hannu da yawa, babban inji marar turbo ya fi maka, ko da ya fi shan mai, domin kuɗin da kake ƙarawa a famfo kana sayen haƙurinsa ne. Toyota ma ta san da irinmu, shi ya sa a wasu kasuwanni ta bar Land Cruiser 300 da tsohon injin lita 4.0 marar turbo.

Abin da ya fi damuna ba motocin alhazai ba ne. Ƙananan motocin hannu da suke shigowa daga Turai yanzu, masu lita 1.2 da 1.4, da yawansu turbo ne da fesawa kai tsaye, kuma masu sayensu malaman makaranta ne da ƙananan 'yan kasuwa da ba su da ta biyu a gida. Su ne za su sha zuwa-zuwa don dole, su ne za a hure wa filta, kuma garajojinmu masu na'urar bincike da wanda ya iya karanta ta ba su da yawa. Dattijon bakanike ya tura yaransa biyu Gaundare su koyi aikin na'urar, da kuɗin aljihunsa.

Akwai abu ɗaya da bai rufu ba a lamarin gidan. Fukafukan turbo da ƙura ta dakusar ba sa gyaruwa. Har yanzu suna ba da iskar da ake so, don haka ba a taɓa su ba, amma a kowane juyen mai dattijon yana cire bututu ya girgiza sandar da yatsa ya ji ko ta fara wasa. Ya ce ranar da ta fara, biyun za a canza tare, kuma sai an yi odarsu daga Dubai. Ɗan yana son a yi odar tun yanzu a ajiye, Alhaji ya ce a bari sai an ga alama, kuma a kan wannan ba su daidaita ba tukuna.